Kaza Ta Kwana Kan Dami: Kuɗin Iyayenmu Da Ke Kwance A Hannun Hukuma

Duk matashin da ke riƙe da babbar waya a Birnin Kebbi ko Argungu a shekarar 2024 ya san zamanin "mainin". A teburin mai shayi, a majalisar unguwa, har a bayan aji malami na koyarwa, yatsu na ta dannar allo ba ji ba gani, wai ana tara Hamster Kombat. Wasu har motar da za su saya sun zaɓa. Da ranar rabo ta zo a ƙarshen watan Satumba, da yawa abin da suka samu ko kuɗin datar da suka ƙona bai mayar ba. Ba a gama jinyar wannan ba, a watan Afrilun 2025 CBEX ya rufe da kuɗin jama'a, aka koma salati da zage-zage a Facebook da TikTok.

Ban kawo wannan don in yi wa kowa dariya ba, babu da zaman kashe wando ne suka kai mutane. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, a daidai lokacin da matasa ke bin kuɗin da babu su, akwai kuɗi na gaske, halak malak, masu ɗauke da sunayen iyayenmu da kakanninmu, suna kwance a bankuna da ofisoshin gwamnati, babu wanda ya je ya ce nawa ne. Rashin sani, in ji Hausawa, kaza ta kwana kan dami.

Ra'ayina a taƙaice shi ne: nemo waɗannan kuɗi aikinmu ne, mu masu waya da data. Sannan wajibi ne gwamnatin Jihar Kebbi da ƙananan hukumominmu 21 su fito da sunayen mutanen da suke riƙe wa kuɗi, a daina jiran mai haƙƙi ya yi duba kafin ya san yana da haƙƙi.

Waɗanne kuɗi ne ake magana?

Bari mu fara da waɗanda dokar tarayya ta riga ta shimfiɗa musu hanya, don su ne suka fi sauƙin bi.

Na farko, ribar hannun jari. A 2004 Gwamnan Babban Banki na lokacin, Charles Soludo, ya ce kowane banki sai ya tara jarin naira biliyan 25. Bankuna 89 suka dunƙule suka koma 25. Daga lokacin har zuwa 2008 aka yi ta tallar hannun jari, malaman makaranta, ma'aikatan asibiti, 'yan kasuwa, kowa ya ɗan saya. Da kasuwar ta faɗi a 2008, da yawa suka ɗauka shi ke nan an yi asara, suka jefa takardun cikin akwatin ƙarfe. Alhali wasu daga cikin kamfanonin nan suna nan daram, kuma duk shekara suna raba riba. A da ta gidan waya ake aiko takardar ribar. To wa ke buɗe akwatin gidan waya yanzu? A watan Agustan 2023 shugaban hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari a lokacin, Lamido Yuguda, ya ce ribar da ba a karɓa ba ta kai kimanin naira biliyan 190. Tun 2015 aka fito da tsarin tura ribar kai tsaye cikin asusun banki, fom guda ake cikewa, amma tarin mutane ba su taɓa jin labarinsa ba.

Na biyu, asusun banki da aka watsar. Ka'idojin da Babban Bankin Najeriya, CBN, ya fitar a watan Yulin 2024 sun ce asusun da ya shekara babu shige babu fice ya zama mai barci. In ya kai shekara goma a haka, bankin zai tura abin da ke ciki zuwa wani asusun amana a CBN. Kuɗin ba su zama na gwamnati ba. Mai su, ko magajinsa, yana iya neman abinsa ta hannun bankin da aka buɗe asusun, kuma CBN ya ɗaukar wa kansa kwana goma na aiki ya mayar da su bayan buƙatar ta isa gare shi. Farfaɗo da asusun da ya yi barci kuma kyauta ne.

Mu 'yan Kebbi wannan maganar ta shafe mu kai tsaye. A nan Birnin Kebbi ne, ranar 17 ga Nuwamban 2015, Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance na Anchor Borrowers. Dubban manoman fadama, daga Argungu zuwa Augie zuwa Suru, a lokacin suka fara buɗe asusu da yin BVN. Ku lissafa da kanku: shekara goma ta cika a 2025. Duk asusun da aka buɗe a zamanin aka juya masa baya, ko dai ya kai wa'adin, ko yana dab da kaiwa. Haka asusun da aka buɗe don alawus ɗin bautar ƙasa, ko N-Power, ko tallafin karatu, aka manta da shi bayan an canza layin waya.

Na uku, ajiyar da ke bankunan da suka rushe. Wasu dattawa har yau in ka yi musu maganar banki sai su ce ai Bank of the North ya tafi da kuɗinsu. Bai tafi ba, a 2006 ya narke cikin Unity Bank tare da wasu bankuna. Waɗanda kuma aka soke lasisinsu gaba ɗaya, hukumar inshorar ajiya ta NDIC ce ke biyan masu ajiya. A 2024 ta ɗaga abin da take lamuncewa zuwa naira miliyan 5 ga kowane mai ajiya a manyan bankuna, da miliyan 2 a ƙananan bankunan al'umma. Da aka soke lasisin Heritage Bank a watan Yunin 2024, da BVN aka yi amfani aka tura wa mutane kuɗinsu a wasu asusunsu. Wanda asusunsa ba ya haɗe da BVN, ko ba shi da wani asusun, sai ya je da kansa ya nema.

Na huɗu, haƙƙin ma'aikaci. Dokar fansho ta 2014 ta wajabta wa wurin aikin da ke ƙarƙashin tsarin ya yi wa ma'aikaci inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na albashinsa na shekara ba. In ya rasu yana kan aiki, iyalansa na da wannan, ban da abin da ya tara a asusun fanshonsa. Akwai kuma asusun gidaje na NHF, wanda tun 1992 ake yankar kashi 2.5 cikin ɗari na albashin ma'aikatan da ke cikinsa. Wanda ya yi ritaya kuma babu bashin gida a kansa, yana da damar neman a mayar masa da abin da ya tara daga Bankin Bayar da Lamunin Gidaje na Tarayya. In mahaifinka ko mahaifiyarki sun yi aiki a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru, ko asibitin tarayya na Birnin Kebbi, ko wata ma'aikatar tarayya, tambaye su ko sun karɓi wannan. Kada ku yi mamaki in suka ce yau suka fara ji.

Inda duhun yake: jiha da ƙaramar hukuma

Duk abubuwan nan da na lissafa, da wahalarsu da komai, suna da doka, suna da fom, wasu ma suna da shafin intanet da za ka rubuta suna ka duba. In ka sauko matakin jiha da ƙaramar hukuma kuwa, sai lalube.

A nan sai mun raba abu biyu, domin ana yawan cakuɗa su. Akwai kuɗin da mutum ke bin gwamnati, ya sani, gwamnati ta sani, ba a dai biya ba. Bashin garatuti ke nan da tsofaffin ma'aikata ke kuka a kai a jihohi da dama. Wannan matsala ce babba, amma mai ita ya san ƙofar da zai buga. Akwai kuma kuɗin da aka amince, aka sa hannu, wani lokaci har an ware, amma mai su bai zo ba, don bai ji ba, ko ya ƙaura, ko ya rasu, ko an rubuta sunansa ba daidai ba. Wannan na biyun shi ne ba ya da mai yi masa kuka, domin wanda zai yi kukan bai ma san an ci shi bashi ba.

Ta ina irin waɗannan kuɗi ke taruwa? Ku ɗauki malamin firamare da ya rasu saura shekara biyu ya yi ritaya, ya bar mata da ƙananan yara a wani ƙauye a Arewa ko Dandi. Yana da haƙƙin mutuwa, wataƙila da ariyas na ƙarin girma. Fayil ɗinsa sai ya bi ta ofishin ilimi na ƙaramar hukuma, ya zo Birnin Kebbi, ya shiga hukumar fansho. Matar tana takaba, ba ta karatun boko, ba ta taɓa taka sakatariya ba. Wa zai gaya mata an kafe sunan mijinta a allon sanarwa a Gwadangaji? Ku ƙara da cewa sai 27 ga Agustan 1991 aka cire Kebbi daga tsohuwar Jihar Sakkwato, don haka duk wanda ya fara aiki kafin nan, farkon tarihin aikinsa a Sakkwato aka rubuta shi.

Ku ɗauki diyyar gona. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta ba gwamna ikon karɓar fili don amfanin jama'a, amma ta ce a biya diyyar abin da ke kansa, gini ko shuka ko itatuwa. Ga babbar hanyar Sakkwato zuwa Badagry da za ta ratsa jiharmu. Duk inda aka yi irin wannan aiki ana rubuta sunaye. Mai gona na iya kasancewa ya tafi cin rani ranar da aka zo tantancewa, ko gonar ta gado ce ba a raba ba. Kasonsa ina yake zama, kuma har zuwa yaushe?

Ku ɗauki kuɗin aikin Hajji. A 2020 da 2021 annobar korona ta hana maniyyatan Najeriya tafiya, alhali da yawa sun riga sun ajiye kuɗi a hukumomin alhazai na jihohi. A 2024 kuma hukumar NAHCON ta sanar da mayar wa alhazan 2023 wani abu saboda hidimar da ba a yi musu ba a Saudiyya, kuma ta hannun hukumomin jihohi aka ce a biya. Alhajin birni mai bin labarai zai je ya karɓa. Hajiyar ƙauye da 'ya'yanta suka haɗa mata kuɗin kujera fa? In Allah Ya yi mata rasuwa bayan dawowa, wa zai sanar da magada?

Akwai kuɗin ajiya a kotuna, akwai kuɗin kafin alƙalami na rumfunan kasuwa da ba a ba mutum rumfar ba, akwai ragowar tallafin karatu da ya dawo saboda lambar asusu ta yi kuskure. Ba zargin wani ofishi nake da cin kuɗin kowa ba. Abin da nake cewa shi ne, kuɗin da mai shi bai san da shi ba, kuma babu wani jerin sunaye da jama'a ke gani, an bar shi ne ga tsoron Allah na wanda ke riƙe da fayil. Ana samun masu tsoron Allah, da yawa ma. Amma ba a gina tsarin gwamnati kan fatan alheri kawai. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Yadda wasu suka yi

A Amurka, gwamnatocin jihohi ne ke riƙe da irin waɗannan dukiyoyi. Banki ko kamfani in ya rasa mai kuɗi na wasu shekaru, dole ya miƙa wa baitulmalin jiha, jiha kuma ta sa sunan a shafin da kowa zai iya dubawa kyauta. Ƙungiyar jami'an da ke wannan aiki ta ƙiyasta cewa kusan mutum ɗaya cikin bakwai a ƙasar yana da wani abu da ke jiransa. A Birtaniya dokar 2008 ta ba da damar amfani da kuɗin asusun da ya shekara 15 yana barci wajen ayyukan al'umma, amma duk ranar da mai shi ya bayyana sai an biya shi. In kuma wani zai ce ai waɗannan Turawa ne, ga Kenya nan: tun 2011 ta yi doka, ta kafa hukuma sukutum da aikinta kawai shi ne karɓar dukiyar da ba a nema ba da neman masu ita.

Mu ma a matakin tarayya an ɗan motsa. Dokar Kuɗi ta 2020 ta tanadi asusun amana da za a riƙa zuba ribar hannun jarin da ta shekara shida ba a karɓa ba, gwamnati ta yi amfani da su a matsayin rance, mai su ya karɓa duk lokacin da ya zo. Ƙungiyoyin masu hannun jari sun yi ta suka, kuma ina ganin suna da hujja: gwamnatin da ke cin moriyar kuɗin da ba a nema ba, wane zafi za ta ji wajen neman masu su? Shi ya sa bai kamata mu zauna muna jiran a neme mu ba.

Abin da ya kamata Kebbi ta yi

Buƙatata ba ta bukatar biliyoyi. Majalisar Dokokin Jiha ta yi doka da za ta tilasta wa kowace ma'aikata, hukuma da ƙaramar hukuma ta fitar, aƙalla sau biyu a shekara, da sunayen duk wanda aka amince a biya shi amma wata shida ta wuce bai karɓa ba. A haɗa su a rajista guda, a sa a intanet yadda za a iya bincika suna ta waya. A buga a kafe a sakatariyar kowace ƙaramar hukuma. A karanta a Rediyon Kebbi da Equity FM da Hausa, da Fulatanci, da Zabarmanci, da Dakarci. A tura kwafi fadojin Gwandu, Argungu, Yawuri da Zuru, ya gangara hannun hakimai da dagatai da masu unguwanni, domin su ne suka san wane ya rasu, 'ya'yansa suna ina. Kuma dokar ta fayyace cewa irin wannan haƙƙi ba ya mutuwa don an daɗe ba a zo ba.

Gwamna Nasir Idris tsohon malami ne, ya shugabanci ƙungiyar malamai ta ƙasa. Ba sai an yi masa dogon bayani kan halin da iyalan malamin da ya rasu ke shiga ba. Su kuma shugabannin ƙananan hukumomi, tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yulin 2024 cewa kuɗinsu nasu ne su sarrafa, to 'yancin yana tafe da hisabi. Ciyaman ɗin da ya fara kafe irin wannan jeri a Argungu ko Birnin Kebbi, wallahi ya yi kamfen ɗin da ya fi rabon atamfa.

"Ai wahalar ta fi kuɗin"

Na san abin da wasu za su rubuto a ƙasan wannan rubutu. Na farko za su ce kuɗin ba su taka kara sun karya ba, kuɗin motar zuwa da dawowa sai ya cinye su. Wani lokaci gaskiya ne. Wanda zai taso daga Kangiwa ko Kamba sau uku don naira dubu bakwai ya yi asara. Amma ta yaya za ka san dubu bakwai ce ko dubu ɗari bakwai in ba ka duba ba? Dubawar farko ta waya ce. Sannan duk ranar da aka ƙara, kuɗin na zagwanyewa. A 2015 dala ɗaya ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Kuɗin da zai sayi sa a lokacin, yau da ƙyar ya sayi tunkiya.

Na biyu za su ce fitar da sunaye zai tona asirin mutane, ga 'yan damfara, ga masu garkuwa. Wannan damuwa ce ta gaske, musamman a yanayin tsaron da muke ciki, kuma akwai dokar kare bayanan jama'a ta 2023 da dole a kiyaye. Maganinta mai sauƙi ne: a sa suna da ƙaramar hukuma da ofishin da za a je, kada a sa adadin kuɗi, ko lambar waya, ko adireshin gida. Biya kuma sai an tantance da NIN da BVN, ta asusun banki kawai.

Na uku, akwai masu ganin bin sawun kuɗin mamaci kwaɗayi ne, ko rashin tawakkali. Da girmamawa, ban yarda ba. Da zarar mutum ya rasu, abin da ya bari ya zama na magada, kuma sau da yawa a cikinsu akwai marayu da ba su da bakin magana. Wan da ya ce "a bar wa Allah" bai yafe kasonsa kaɗai ba, ya yafe na ƙanwarsa 'yar aji uku da ake koro wa gida saboda kuɗin makaranta. In ana shakkar wani ɓangare na kuɗin, misali ruwan da banki ya ɗora, malamai na nan, a tambaye su yadda za a yi da shi. Amma uwar kuɗin a karɓo ta.

To, daga ina za ka fara?

Fara daga gida. Ka sami Baba ko Inna cikin natsuwa da ladabi, kada su ɗauka gadonsu kake lissafi tun suna raye. Ka nemi izini a buɗe akwatin takardu. Abin da kake nema: satifiket ɗin hannun jari, tsohon littafin ajiyar banki, takardar ɗaukar aiki da ta ritaya, takardar albashi ta ƙarshe, lambar fansho, katin NHF, rasit ɗin kuɗin Hajji, takardar gona. Ka ɗauki hoton kowace, ka adana. 'Yan'uwa mata, wannan aikin ku kun fi mu iyawa, don ku iyaye suka fi sakin jiki da ku, kuma sau da yawa akwatin a ɗakin Inna yake.

In hannun jari ne, shafin SEC yana da wurin da ake rubuta suna a ga kamfanonin da mutum bai yi rajistar karɓar riba ta banki ba, tare da sunan kamfanin da ke riƙe da rajistarsu. Ka gwada rubuta sunan ta kowace siga: Muhammad, Mohammed, Muhammadu, Mamman. Wannan bambancin rubutu shi ne babban abin da ke hana 'yan Arewa kuɗinsu, kuma takardar rantsuwa ta kotu tana warware shi. In asusun banki ne, mai shi ya je reshe mafi kusa da katin shaida. In mai asusun ya rasu, ku sani cewa sunan makusanci da ya rubuta a fom ba ya ba kowa ikon cire kuɗi. Sai an kawo takardar shaidar mutuwa da takardar izinin kula da gado daga kotu. Ku yi wannan da sanin duk magada, kada neman haƙƙi ya zama sanadin raba zumunci.

In kuma ofishin jiha ne ko na ƙaramar hukuma, kada ka tsaya kan tambayar baki. Rubuta wasiƙa, ka yi kwafi biyu, a buga maka hatimin karɓa a ɗaya da kwanan wata. A sashenmu na koyon aikin jarida, cikin abubuwan da ake fara nanata mana akwai Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, wadda ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa buƙatar ɗan ƙasa. An daɗe ana gardamar ko ta shafi jihohi, har Kotun Ƙoli ta yanke a 2025 cewa ta shafe su. Ba sai kana ɗan jarida ba, kuma ba sai ka faɗi dalilinka ba. In an yi biris da kai, Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a tana da ofishi a kowace jiha, kuma ba a biyan ko sisi.

Gargaɗi ɗaya, kuma ku riƙe shi da kyau. Da zarar magana irin wannan ta yaɗu, 'yan damfara za su ɗinka mata riga. Za ku ga saƙo a WhatsApp wai CBN na rabon kuɗin da ba a nema ba, danna nan. Ƙarya ce. Babu hukumar da za ta nemi lambar sirrin katinka, ko lambar OTP, ko ta ce ka tura kuɗin "buɗe fayil" a asusun wani mutum. Duk wanda ya kira ka ya ce ya gano maka kuɗi amma sai ka ba shi kaso tukuna, kashe wayarka. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

A kowace unguwa, daga Badariya zuwa Tudun Wada, daga Gulma zuwa Lailaba, akwai ƙungiyar matasa ko ta ɗalibai da ke neman aikin alheri da za ta yi. Ga shi nan. Ku ware Asabar ɗaya a wata, ku zauna a makarantar firamare da wayoyinku, zawarawa da tsofaffin ma'aikata su zo da takardunsu, ku duba musu, ku rubuta musu wasiƙa, ba tare da karɓar ko kwabo ba. Masu mabiya a TikTok da Facebook, ku yi bidiyon minti biyu da Hausa kan yadda ake duba suna. Sannan mu haɗu mu tambayi ɗan majalisar jiha na mazaɓarmu, a rubuce kuma a bainar jama'a, yaushe zai kai ƙudurin rajistar nan zauren majalisa.

Iyayenmu sun yi gumi a aji, a asibiti, a fadama, aka rubuta sunayensu a wasu littattafai da ba su taɓa gani ba. Su ba su da hanyar dubawa, mu muna da ita a aljihu. Matambayi ba ya ɓata. Allah Ya mayar wa kowane mai haƙƙi haƙƙinsa.